Minti Talatin da Biyar

Wáscar ya zaro biro daga aljihun rigarsa, ya ɗora a kan littafin da Belkis ta buɗe, ya tura mata shi da ɗan yatsa.

"Ga jirgin da ya fi kowane jirgi sauri a ƙasar nan," in ji shi. "Ba ya shan mai, ba ya jiran izinin hasumiyar filin jirgi. Ki ja layi ɗaya, kin yi rabin awa a sama."

"Ɗauke kayanka, Wáscar."

"Ke fa tsoronki ya yi yawa. Wa zai zauna a Panama yana ƙirga miki mintoci? Rabin manyan nan da kike rusuna wa, da awannin biro suka fara."

Belkis Ureña ta ture biron gefe. Ƙarfe shida na safe ne, suna ɗakin ma'aikata na filin jirgin Santiago, kuma sau uku ke nan tana haɗa lissafin yana ba ta abu ɗaya. Kowane matuƙi yana da littafinsa, inda ake rubuta tsawon kowace tafiya, daga lokacin da jirgi ya motsa daga mazauninsa zuwa lokacin da aka ja masa birki a wani mazaunin, kyaftin ya sa hannu. Wani kamfani a Panama ya yarda zai ɗauke ta, amma da sharaɗin ta cika awa dubu ɗaya da ɗari biyar cif a babban jirgi irin wanda take tuƙawa. Saura mata awa takwas. Zuwa New York da dawowa awa bakwai da rabi ne. Kuma yau ce ranarta ta ƙarshe a wurin aiki.

Tun bara kowa ya san kamfaninsu ba shi da lafiya. Mai ya yi tsada, manyan kamfanoni sun karya farashin tikiti, Turawan da suka ba da hayar jiragen suka fara aiko da wasiƙu masu ladabi irin na wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Da farko aka cire burodin da ake raba wa fasinjoji. Sai aka cire abincin ma'aikata. Daga nan takardun ofis suka riƙa zuwa duk Litinin, kowace da sabuwar dabarar tsimi, waɗanda ba su taɓa zama a ɗakin tuƙi ba suna koya wa matuƙa yadda ake tashi. Makon jiya aka ce masu jirage za su karɓe biyu daga cikin shida. Aka bi jerin sunayen matuƙa daga ƙasa, aka ƙirga goma sha tara, aka miƙa wa kowa farar ambulan. Belkis ce ta goma sha bakwai. Wáscar, mataimakin matuƙi kamarta, shi ne na huɗu, kuma tuni ya shirya komawa shagon tayoyin surukinsa a garin Moca, shi ya sa bakinsa ya buɗe.

"Da wa za ki tashi?" ya tambaya.

"Don Fausto."

Wáscar ya ɗauki bironsa a hankali, ya mayar aljihu, ya yi alamar gicciye a kanta.

"Agogo? To shi ke nan, ƙanwata. Akwai gurbi a shagon tayoyi, zan yi miki magana."

Kyaftin Fausto Tavárez shekararsa sittin da biyu, talatin da ɗaya daga ciki a kamfanin nan, shi ne na biyu a jerin sunaye daga sama. A bayan idonsa ake kiransa Agogo. Matan unguwar da ke bayan filin jirgi sun ce ba sa duba lokaci ranar da yake aiki, in suka ji saukarsa sai su ɗora shinkafa. Ba ya ihu, ba ya zagi, amma in ka makara minti biyu zai dubi agogon hannunsa, ya dube ka, ka gwammace da marinka ya yi. Da a ce wani kyaftin ne, da Belkis ta sa rai da ɗan jinkirin da ba a rasawa a hanya. Da Don Fausto kuwa, ko iska sai ta shiga taitayinta.

Shida da kwata daidai ya shigo, hularsa a hammata, gashin bakinsa a gyare. Bayansa Nurys ce, shugabar masu kula da fasinjoji, mace mai jiki da murya, wadda ta yi shekara ashirin da biyar tana tashi da shi, ita kaɗai ce kuma ke iya tsokanarsa ta kwana lafiya.

"Ina kwana, Kyaftin," in ji Belkis.

"Lafiya lau, Ureña. Kin duba yanayi?"

"Na duba. Sama garau zuwa can. Da yamma akwai hadari a kan duwatsu."

"To mu je."

Suka tashi bakwai daidai, shi ke tuƙi, ita tana magana da hasumiya. Jirgin cike yake da mutanenmu masu komawa aiki bayan hutu, kowa da cukunsa da naman salami da ya ɓoye a tsakiyar tufafi, yana addu'a kada karen kwastan ya shinshino. Da suka daidaita a sama, Belkis ta saci kallon lambar gudu. Cikin takardun Litinin akwai wadda ta umarci matuƙa su riƙa rage gudu don tsimin mai, ko da za a ƙara 'yan mintoci a hanya. Kowa ya bi, ban da Don Fausto. Ya ce fasinja lokaci ya saya, ba kujera ba, in ofis na son tsimi su kashe na'urar sanyaya ɗakin manaja.

Iska ma ta goya masa baya. Suka sauka New York, tafi ya ɓarke a baya kamar yadda muka saba, don mutumin yankinmu na Cibao ba ya yarda jirgi ya sauke shi lafiya bai gode ba. Don Fausto ya ja birki, ya dubi agogo, fuskarsa ta ɗan saki.

"Mun riga lokaci da minti biyar. Rubuta."

Ta rubuta. Giɓin da yake rabin awa ya zama minti talatin da biyar.

Fasinjoji suka fita, masu shara suka shigo. Nurys ta kawo musu mangú, wato kirɓaɓɓiyar ayaba, da soyayyen ƙwai a roba, daga gidanta ta taho da shi tun da kamfani ya daina ciyar da su. Belkis ta juya cokali a ciki ba ta ci ba. Ta tuna babanta, direban bas tsakanin Santiago da Moca, wanda ya sayar da bas ɗin ya kai ta makarantar tuƙin jirgi, ya koma yi wa wani tuƙi da furfurarsa. Bai ga ranar da aka ɗaura mata igiya uku ta mataimakiyar matuƙi a kafaɗa ba. Mamanta ce ta gani, ita ce kuma yanzu ke gida tana haɗa tukunyar sancocho, farfesun nama da rogo, wai a yi murnar tafiya Panama. Belkis ba ta faɗa mata zancen mintocin ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke sa mutum ya faɗi abin da ya san bai kamata ba.

"Kyaftin, ina da magana."

"Ina ji."

Ta faɗa masa komai, Panama da sharaɗinsu da lissafin. Sannan ta sunkuyar da kai.

"In mun sauka gida, da za ka... Wato minti talatin da biyar ne kawai. A takarda. Ba wanda zai cutu."

Don Fausto ya ajiye cokali, ya goge gashin bakinsa da hankici, ya ninke shi gida huɗu.

"Ureña, shekara nawa kika yi kina tashi da ni?"

"Biyu da rabi, Kyaftin."

"Kin taɓa ganin na sa hannu a kan minti ɗaya da jirgi bai yi ba?"

"A'a."

"To yau ma ba za ki gani ba. Littafin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Duk wanda zai zauna a bayanki nan gaba, da shi ya dogara, ko da bai taɓa ganinsa ba. Je ki zagaya jirgi."

Ta fita. A ƙarƙashin fiffike, inda ƙarar injinan maƙwabta ke rufe komai, ta yi kukanta, na kunya ya fi na baƙin ciki yawa. Ta duba tayoyi, ta duba bakin inji, ta share fuska da bayan hannu. Da za ta hau, ta ga mai motar mai bai cire tiyonsa ba tukuna. Ya ce mata kyaftin ya sa a ƙara. Ta yi mamaki, amma ta ce a ranta saboda hadarin yamma ne.

Dawowa tata ce, haka al'adar take, in kyaftin ya kai, mataimaki ya dawo da jirgi. Don Fausto zai riƙe rediyo, shi ne kuma zai ja jirgin a ƙasa har bakin titin tashi. Aka tura su baya a kan lokaci, suka shiga layi, jirage biyar a gabansu. Suna matsawa har suka zama na biyu. Sai ta ji Don Fausto ya danna rediyo.

"Hasumiya, muna buƙatar 'yan mintoci mu sake duba lissafin nauyinmu. In akwai mai sauri a baya, ya wuce."

Hasumiya ta gode, ta ajiye su a gefe. Belkis ta dube shi. A shekara biyu da rabi ba ta taɓa ganin ya bar wa kowa layi ba, ko a wurin shan gahawa.

"Kyaftin, na duba lissafin sau biyu."

"Ni ban duba ba. Mutanen nan kin san su, kowace tsohuwa da akwati uku, ta rantse miki duk magani ne. Karanto mini, a hankali, idona ba kamar da ba."

Ta karanto. Ya sa ta maimaita. Wani jirgi ya wuce su, wani ya bi, har guda shida, ciki har da wani ƙaton na kaya da ke tafiya kamar saniya mai ciki. Sai da aka yi minti goma sha huɗu sannan ya ce wa hasumiya sun shirya.

Ta tashi da jirgin, suka bar gari a baya, teku ya buɗe a ƙasansu. Da suka daidaita, ya nuna jakarsa da ke bayan kujera.

"Buɗe aljihun gaba. Akwai takardar ofis ta rage gudu, ɗauko mini."

"Wadda ka ce a kunna gawayi da ita?"

"Ita. Mutum ba ya tsufa da koyon biyayya."

Ta zuge aljihun. Takardar na nan a ninke. A bayanta kuma akwai farar ambulan mai tambarin kamfani, an yage bakinta a tsanake, irin tata sak. Ta ga sunansa a jiki. Ta tsaya da hannu a cikin jakar na ɗan lokaci, sannan ta zaro takardar kaɗai, ta zuge aljihun.

Ya sa tabarau, ya karanta takardar da ƙarfi tun daga gaisuwa har sa hannun manaja, kamar mai karatu a coci. Sannan ya ce ta sa gudun da ofis ya ce, kada ta ƙara ko ɗigo. Ta murɗa lambar. Ƙarar inji ta sassauta, lokacin isa da ke kan allo ya ja baya da minti goma sha biyu.

Sha huɗu da sha biyu, ashirin da shida. Sai a lokacin ta yarda da abin da zuciyarta ke faɗa mata tun a layi.

"Kyaftin..."

"Ido a kan aikinki, Ureña. Ni umarnin ofis nake bi."

Bayan awa biyu ya tashi zai zaga. Doka ce ba a barin matuƙi shi kaɗai a ɗakin tuƙi, don haka Nurys ta shigo ta zauna a kujerar baya, da gahawa biyu a hannu. Ƙofa na rufuwa ta matso.

"Ke 'yar nan, me kika ba wa tsohon nan ya ci? Shekara ashirin da biyar ban taɓa ce wa fasinja za mu makara ba. Yau na faɗa, har bakina ya ji baƙon abu."

"Suna faɗa?"

"Wa? Waɗannan? Gida za su. Wani a layi na sha biyu ya fito da kwalba, an fara waƙa. Ko Haiti kuka kai su ba za su sani ba sai gobe."

Belkis ta karɓi gahawar, ta riƙe da hannu biyu.

"Doña Nurys, na ga ambulan a jakarsa."

Dariyar Nurys ta ɗauke. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Jiya da yamma suka kira shi. Wai albashinsa zai biya yara uku irinku, wai ya huta, ya ji daɗin jikoki. Shekara uku suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa, ba su iya jira ba. A shekarunsa wa zai ɗauke shi? Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, 'yata. Daga yau ba zai ƙara zama a kujerar nan ba."

"Ba wanda ya sani?"

"Ni da matarsa. Ya sa na rantse da Budurwa mai tsarki ta Altagracia ba zan faɗa ba. To ban faɗa ba, ke kika gani."

"Motocin ruwa fa?"

A wurinmu, ranar da kyaftin ya yi saukarsa ta ƙarshe, motocin kashe gobara biyu kan tsaya dama da hagu su harba ruwa sama, jirgi ya bi ta ƙarƙashi, iyali na kallo. Don Fausto da kansa ya shirya wa abokan aikinsa wannan fiye da sau goma.

"Kamfani ne ke nema," in ji Nurys. "Kamfanin da ya hana fasinja burodi? Shi kuma girman kai ba zai bar shi ya roƙa ba."

Aka ƙwanƙwasa. Nurys ta miƙe, ta gyara fuska, ta buɗe masa tana cewa ya daɗe, ta ɗauka ya faɗa ciki ne. Ya ce mata ta ji da fasinjojinta.

Da suka doshi tsibiri, hadarin da aka yi alkawari ya taso a kan duwatsun arewa, dogo, kansa fari, gindinsa baƙi. Akwai 'yar kafa a tsakiya wadda a wata rana Don Fausto zai ratsa ta ba tare da gahawar kowa ta zube ba. Yau sai ya nemi izini su kewaye ta yamma, ya ce akwai tsofaffi a baya, bai ga dalilin girgiza su ba. Kewayen ya ci minti biyar. Belkis ta haɗa a ranta, talatin da ɗaya. Saura huɗu, ga kwarin Cibao ya bayyana a gabansu, kore shar, gonakin shinkafa na ƙyalli.

Suka fara gangarowa. Ta gama bayanin yadda za ta sauka, ya gyaɗa kai. Hannunsa na kan cinyarsa, amma ta lura yatsunsa na motsi kaɗan-kaɗan, suna bin duk abin da jirgin ke yi. Tausayinsa ya kama ta har ta manta da nata lissafin.

"Kyaftin, jirgi a hannunka."

Ya juyo.

"Me ya faru? Ba ki da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. Awannina ba ruwansu da wanda ya sauke jirgi, a kujerar nan ma ana ƙirga mini. Jirgi a hannunka, Don Fausto."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi jakarsa, ya dubi ƙofar da Nurys ta fita.

"Matar nan bakinta kamar rediyon tasha."

"Ba ita ba ce. Kai ka aike ni aljihun gaba."

Ya yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda a wurinsa shi ne dariya. Ya gyara zama, ya ɗora hannu, ya kashe na'urar da ke tuƙi tun suna nesa, abin da takardun ofis suka hana.

"Jirgi a hannuna," ya ce. "Faɗa wa hasumiya ba ma son gajeriyar hanya. Za mu yi cikakken zagaye, yadda yake a littafi."

Ta faɗa. Mai hasumiyar, wanda ya san muryar kowa, ya sake danna rediyo.

"Jirgin Kyaftin Tavárez ne kuwa? Ko an sace shi?"

"Shi ne," in ji Belkis. "Yau ba ma sauri."

Ya kai su ta kan Moca, ya karkata a hankali har hasumiyar cocin ta bayyana ta tagarta, da hanyar da babanta ya yi shekara ashirin yana bi. Ya juyo da jirgin ya miƙe shi da titi. Ba ta san lokacin da tayoyi suka taɓa ƙasa ba, sai da ta ji gurnaninsu a kan kwalta.

Tafi ya tashi a baya. Ta saba da shi, yakan yi daƙiƙa biyar ya mutu, kowa ya koma neman wayarsa. Wannan bai mutu ba. Ya ƙaru, aka haɗa da fito da buga ƙafa, wata murya ta tsohuwa ta ratso ƙofa tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, Kyaftin!" Sai wasu suka ɗauka, suna kiran sunansa.

"Nurys ta rantse da Budurwa ba za ta faɗa wa kowa ba," in ji Don Fausto, idonsa a kan titi.

"Wataƙila Budurwar ce ta ba ta izini."

Ya juya jirgin daga titi, ya bi hanyar mazauni da tafiyar da ko mai keke zai wuce su. Belkis na kallon agogo. Talatin da huɗu. Mai nuna hanya ya tsaya can da sandunansa yana kiransu, ya gaji ya sauke hannu, ya sake ɗagawa. Babu motocin ruwa, sai motar kaya ɗaya da direbanta ke hamma. Jirgin ya gangara, ya shiga layinsa, ya tsaya. Don Fausto ya ja birki.

"Karanta lokaci."

"Mun makara da minti talatin da shida, Kyaftin."

"Rubuta abin da agogo ya ce."

Ta rubuta, ta haɗa, ta sake haɗawa. Awa dubu ɗaya da ɗari biyar da minti ɗaya. Ta miƙa masa littafin. Ya sa tabarau, ya bi lissafin da ɗan yatsa tun daga saman shafi, kamar bai san amsar ba, sannan ya sa hannu. Aka kashe injina. Aka sa wa tayoyi waigi. A lokacin ne hadarin da suka kewaye ya iso, ruwa ya sauko a kan gilashi da ƙarfi.

"To," ya ce. "Ko banza an wanke wa Turawa jirginsu."

"Don Fausto, ban san yadda zan gode maka ba. Shekara talatin da ɗaya ba ka makara ba, yau saboda ni..."

"Saboda ke?" Ya cire tabarau, ya shiga goge shi da hankici, ya daɗe yana gogewa. "Kina tsammanin ke kaɗai ce ba kya son sauka yau, 'yata?"

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta rungume littafin a ƙirji.

Fasinjoji suka fita da hayaniyarsu, da yawa suna leƙowa su yi masa sallama, yana ɗaga musu hannu daga zaune. Nurys ta shigo daga ƙarshe, idonta jawur, ta shirya wa faɗa. Bai yi mata ba. Ta sumbaci tsakiyar kansa inda gashi ya ƙare, ta ce matarsa na waje da laima, kuma in ya sake ya zauna a gida yana ƙirga wa baiwar Allah mintocin dafa shinkafa, ita da kanta za ta zo ta kore shi. Ta fita tana jan hanci.

Jirgin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa. Wayar Belkis ta yi motsi a aljihu, ta san Mama ce, sancocho ya nuna. Don Fausto bai kwance bel ɗinsa ba. Hannunsa na dama na nan inda ya saba zama, a kan sandunan mai.

"Je ki, Mamanki na jira. Ni zan ɗan zauna."

Belkis ta miƙe, ta ɗauki jakarta da hularta, ta kai bakin ƙofa. Ta tsaya. Sannan ta ajiye jakar, ta dawo kujerarta ta dama, ta zauna, ta ɗora hular a cinya.

Ya dube ta ta gefen ido.

"An ja birki, Ureña. Waɗannan ba a rubuta su a littafi."

"Na sani, Kyaftin," ta ce.